Manajan kwastoma a kamfanin talla: a ba shi ikon cewa a'a

Duk tallan da ya tare ka a waya, ko kana tsaka da kallon bidiyo a YouTube ko kana duba Facebook bayan sallar isha'i, akwai mutum guda da za a titsiye da tambaya idan tallan bai jawo ciniki ba. Wani ne ya zana hoton, wani ya rubuta kalmomin, kuɗin kuma na mai kaya ne, amma wayar wannan mutumin ce za ta yi ƙara. A kamfanonin talla ana kiransa manajan kwastoma. Shi ke zama da mai kaya ya ji abin da yake so, ya kai wa masu zane da masu rubutu da masu sayen gurbin talla, ya dawo da abin da suka haɗa, ya jira a amince, ya bi bashin kuɗin aiki, sannan ƙarshen wata ya tsaya ya faɗi inda kowace naira ta shiga. Galibin masu riƙe da wannan kujera matasa ne, maza da mata, masu ilimi da zafin nama, a Legas da Abuja, yanzu kuma har da Kano da Kaduna.

Abin da ke damuna game da aikin shi ne an ɗora wa mai shi alhakin abubuwan da ba sa hannunsa, an kuma hana shi abu ɗaya da ya kamata ya kasance a hannunsa, wato ya iya duban mai kaya ya ce masa wannan ba zai yiwu ba. Daga nan ne cututtuka biyu na wannan sana'a suke tasowa: aikin da ba shi da lokacin tashi, da rahoton da ake yi wa kwaskwarima. Mutane na ɗaukarsu matsaloli biyu daban. Ni ina ganin tushensu ɗaya ne.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ko ta Potiskum ya san dillali. Yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowanne na zarginsa da karkata ga ɗayan, abincinsa kuma la'ada. Sana'ar talla ma a kan la'ada ta ginu. Shekaru aru-aru kamfanonin talla a Amurka da Ingila suna ɗaukar kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka biya jarida ko gidan rediyo, sana'ar kuma ta iso mana ne ta hannun kamfanoni irin su West Africa Publicity, wanda kamfanin UAC ya kafa a 1928, daga baya ya zama Lintas. Sai dai dillalin shanu cinikinsa yana da ƙarshe. Da an sallama, an biya, an ja saniya, ya kama gabansa. Na manajan kwastoma ba ya ƙarewa, don tallan intanet yana cin kuɗi da asuba, yana ci da tsakar dare, kuma kowace sa'a akwai sabon lissafin da mai kaya zai iya buɗewa a wayarsa ya gani. La'adar ma ta zaizaye. Yau galibi kuɗin wata ake yankawa, a yi ta ja-in-ja a kansa har ya koma abin da ba zai ɗauki ma'aikatan da aikin ke buƙata ba. Aikin mutum uku sai ya tattaru a kan mutum ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake sayen talla a waɗannan manhajoji, don a nan rashin fahimta ke farawa. Babu tsayayyen farashi kamar na shafin jarida. Gwanjo ake yi duk lokacin da wani ya buɗe manhaja, kafin ƙiftawar ido: na'ura ta duba abin da kowane mai talla ya taya, ta auna yiwuwar mai kallon zai danna ko ya saya, ta duba ingancin tallan, ta zaɓi guda. Shi ya sa farashi ke hawa da sauka. Ana gab da Sallah, ko ƙarshen Nuwamba lokacin rangwamen manyan kantuna, ko ana tsaka da yaƙin neman zaɓe, masu tayi sun yi yawa, kuɗin da ya kai talla ga mutum dubu goma jiya ba zai kai shi yau ba. Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, da kansa ya bayyana cewa sabon talla yana buƙatar lokacin koyo, sai ya samu kamar sakamako 50 a cikin mako guda kafin ya daidaita, kuma duk babban gyaran da aka yi masa yana mai da shi farko.

To ga yadda abin ke kasancewa. An saki talla ranar Litinin. Talata da daddare, wajen ƙarfe sha ɗaya, saƙon murya ya shigo WhatsApp: "Malam, wannan hoton bai yi mini ba. Hajiya ta gani ta ce launin ya yi duhu. A cire shi yanzu a sa wancan na farko." Manajan ya san sarai canjin zai rushe abin da na'urar ta fara koya, kuɗin kwana biyu ya tafi a banza. Ya kuma san shugabansa ya ja masa kunne kada a kuskura a ɓata wa wannan kwastoman rai, don shi ke ɗauke da albashin rabin ofis. Sai ya rubuta, "To ranka ya daɗe, an gama," ya tashi mai zane daga barci. Ranar Juma'a mutumin nan dai zai kira ya ce, "Wai ina mutanen da kuka ce za su zo? Ni ban ga kowa a shago ba." Babu mai tunawa da daren Talata.

Wannan matsin na cikin gida ke nan. Na waje ya fi shi yawa. A watan Afrilun 2021 kamfanin Apple ya wajabta wa manhajoji neman izinin mai waya kafin su bi sawunsa. Mutane da yawa suka ƙi, ma'aunin da ake gane wanda ya sayi kaya bayan ya ga talla ya raunana, har Meta ya ce sauyin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, duk shirin da aka gina a kansa ya rushe dare ɗaya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida. Daga Janairun 2022 Meta ya fara ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan masu talla daga Najeriya. A shekarar ce kuma bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, mutanen da aka ɗauka aikin tsara talla suka koma farautar katin dala. Sai Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda asusun tallansa da dala yake biya ya wayi gari kasafin da aka sa wa hannu da naira ya ƙanƙance a hannunsa. Duk cikin waɗannan babu wanda aka yi shawara da manajan kwastoma, amma shi ya zauna gaban mai kaya ya yi bayani.

Ga kuma hukuma. Dokar 2022 da ta mai da hukumar kula da talla ta APCON zuwa ARCON ta ƙarfafa sharaɗin tantance talla kafin a sake shi, har da na intanet, a Oktoban shekarar ma hukumar ta maka Meta a kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Magunguna da kayan ci da sha na kamfani kuma sai da izinin NAFDAC. Ina goyon bayan tantancewa, musamman in aka dubi irin magungunan da ake tallata mana a waya da alkawarin warkar da kowace cuta. Amma tantancewa na cin kwanaki, mai kaya kuwa yau ya kawo buƙata, gobe yake son gani.

Kuɗin aikin ma sai an bi. Ƙa'idojin sana'ar da aka fito da su a 2021 sun ce a biya bashin talla cikin kwana 45, ƙungiyar manyan masu ba da talla, ADVAN, ta nuna rashin amincewarta da su. Su kuwa Meta da Google ba sa jiran ƙaramin kamfani: kati ya ƙi biya, talla ya tsaya. Don haka kamfanin talla ke zuba kuɗinsa ya zauna jira. Mutumin da aka ce ya lallashi kwastoma da safe, shi ake turawa da yamma ya tambaye shi kuɗi. Wanda ke bin ka bashin wata uku, yana kuma tsoron ka tafi ka bar shi da asara, da wane baki zai ce maka shawararka ba daidai ba ce?

A zo ga rahoto, inda abin ya fi muni. Allon da ke nuna sakamakon talla cike yake da lambobi: sau nawa aka nuna tallan, mutum nawa ya kai gare su, nawa suka danna, nawa suka kalli bidiyo, nawa suka turo saƙo, nawa suka saya. A cikinsu kullum akwai wadda ta hau. In ciniki ya faɗi, wataƙila masu kallo sun ƙaru. In masu kallo sun ragu, wataƙila farashin dannawa ya sauka. Manajan da ya gaji, wanda gabansa ke faɗuwa saboda taron Litinin, ba sai ya ƙirƙiri lamba ba. Ya isa ya sa mai daɗin a shafin farko da manyan baƙaƙe, ya tura mai ɗacin can shafi na goma sha biyu inda ya san Alhaji ba zai kai ba. A ce mutum dubu ɗari biyu sun kalli bidiyo, a yi shiru a kan cewa a ma'aunin Facebook daƙiƙa uku ma kallo ne. Kowace lamba a takardar gaskiya ce, amma mai kaya ya tashi daga taron da fahimtar da ba gaskiya ba. A wurina wannan ha'inci ne, ko da babu kotun da za ta kama mai yin sa.

Manya ma ba su tsira ba. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon bidiyo, saboda lissafinsa ya zubar da kallon da bai kai daƙiƙa uku ba, a 2019 kuma ya yarda ya biya dala miliyan 40 don a kashe ƙarar da masu talla suka shigar. A 2017 Procter & Gamble, ɗaya daga cikin manyan masu kashe kuɗin talla a duniya, ya zaftare kusan dala miliyan 200 daga tallansa na intanet bayan ya gano da yawansa ba ya amfana masa komai. A Birtaniya, binciken da ƙungiyar masu talla ta ISBA ta yi tare da PwC a 2020 kan tallan da na'ura ke saye ya nuna kashi 51 na kuɗin ne kawai ke isa ga masu shafukan, kashi 15 kuma ba a ma gano inda ya shiga ba. In kamfanonin da ke da tarin akantoci haka suke lalube, ina ga mai shagon atamfa da ya miƙa wa wani yaro naira dubu ɗari uku ya ce a yi masa talla?

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Japan ya fito. Dentsu shi ne kamfanin talla mafi girma a ƙasar. A watan Afrilun 2015 ya ɗauki wata matashiya, Matsuri Takahashi, wadda ta gama Jami'ar Tokyo, aka sa ta a sashen da ke kula da tallan intanet na kwastomomi. Aikinta irin wanda nake bayani ne: duba lambobi, haɗa rahoto, a dawo da shi, a sake haɗawa. Ranar 25 ga Disamban shekarar ta kashe kanta, tana da shekara 24. Hukumar ƙwadago ta bincika, ta gano cewa a cikin wata guda ta yi kusan awa 105 na aiki bayan lokacin tashi, a Satumban 2016 kuma ta yanke cewa nauyin aiki ne sanadin mutuwarta.

A cikin wannan watan na Satumba dai Dentsu ya fito ya amsa wani laifin daban. A sanarwarsa ta farko ya ce an samu mu'amaloli 633 da ake zargi, waɗanda suka shafi kwastomomi 111 a tallan intanet, ciki har da karɓar kuɗin tallan da ba a saka ba da kuma rahotannin ƙarya. Toyota, ɗaya daga cikin kwastomomin, shi ne ya fara lura. Cikin dalilan da shugabannin kamfanin suka bayar har da ƙarancin ma'aikata. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya sanar da murabus a Disamban 2016 saboda batun marigayiyar, a 2017 kotu ta ci kamfanin tarar yen 500,000, kuɗin da bai kai dala 5,000 ba, a 2018 kuma majalisar Japan ta yi dokar da ta sa iyaka ga aikin bayan lokaci.

Babu wanda ya danganta marigayiyar da wancan laifi. Abin lura shi ne fagen aiki ɗaya ne ya haifi abubuwan biyu. Inda aka karɓi aikin da ya fi ƙarfin ma'aikata, aka yi wa kwastoma alkawarin da ba za a iya cikawa ba, kuma babu mai ikon komawa ya ce masa ba a cika ba, to ko dai ma'aikaci ya biya da lafiyarsa, ko kwastoma ya biya da kuɗinsa ba tare da ya sani ba. Sau da yawa duka biyun ke faruwa. Mu a nan ba mu da al'adar kirga awannin ma'aikaci, shi ya sa yarinyar da ta bar aikin bayan shekara biyu sai a ce aure ne ko rashin juriya, ba a tambayar ƙarfe nawa take ajiye waya.

Na san abin da mai kaya zai ce, kuma yana da hujja. Kuɗinsa ne, guminsa ne. An sha karɓar kuɗin mutane a sayo musu mabiyan bogi, an sha nuna musu hoton allo a matsayin shaida alhali rabin kuɗin bai shiga talla ba. Wanda aka taɓa yi wa haka dole ya kasa barci. Amma kiran dare ba ya tsare dukiya. Abin da ke tsare ta shi ne asusun tallan ya kasance da sunan mai kaya, yana da ikon shiga ya ga abin da aka kashe da idonsa, kuɗin aikin kamfani kuma a rubuta shi daban da kuɗin da za a biya Meta ko Google. Duk kamfanin da ya ƙi wannan, a rabu da shi. Wanda ya yarda kuwa, a ba shi sarari ya yi aikinsa.

A nan Arewa aunawar ma ta fi wuya, don cinikinmu ba a shafin intanet yake ƙarewa ba. Mace ta ga leshi a Instagram, ta ɗauki hotonsa ta tura wa yayarta, ranar Asabar su biyu su shiga Kantin Kwari, a taya, a rage, a biya da tsabar kuɗi ko a tura ta banki. Babu allon Meta da zai ga wannan ciniki. Manajan da ya jawo shi ba zai iya nuna shi ba, marar tsoron Allah kuma zai iya cewa shi ya jawo duk cinikin makon. Maganin ba shi da tsada: lambar waya ta musamman da za a sa a tallan kaɗai, da littafi a kan teburin shago inda yaron shago zai riƙa rubutawa bayan ya tambaya, "Hajiya, a ina kika ga kayan namu?" Wata guda na wannan littafi ya fi rahoto mai shafi talatin amfani.

Sai batun harshe, wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A tsara talla da Turanci a Legas, a gama komai, a sa hannu, ana saura kwana ɗaya sannan a tuna da Arewa, a miƙa wa Bahaushen da ke ofis a ce ya juya shi kafin la'asar. Shi ya sa muke ganin tallan da kalmominsa Hausa ne amma babu Bahaushen da ke magana haka, ko hoton da uba ba zai so a buɗe gaban 'ya'yansa ba. Manajan da ya san mutanen nan ya san tallan ba zai karɓu ba. In ba shi da ikon faɗa tun ranar farko, kuɗi sun tafi, ƙarshe kuma a rubuta a rahoto cewa kasuwar Arewa ba ta amsa tallan intanet.

Na'ura na ƙara karɓe aikin hannu. Tun da Google ya fito da tsarin Performance Max a 2021, Meta ya biyo baya da Advantage+, zaɓen wanda za a nuna wa talla da inda za a nuna shi yana komawa hannunta. Abin da zai rage wa mutum shi ne sanin jama'a, da sanin kayan, da faɗin gaskiya a kan sakamako, wato daidai ɓangaren da ake danne masa a yau.

Gyaran daga shugabannin kamfanonin talla zai fara, don su ke sa hannu a yarjejeniya. Kada su karɓi kwastoman da ba su da ma'aikatan da za su riƙe shi. Su rubuta tun farko lambar da za a auna nasara da ita, da yawan gyaran da kuɗin ya ƙunsa, da lokacin da ake amsa saƙo in ba gaggawa ta gaske ba. Faransa tun Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tsara wa ma'aikatansu haƙƙin kashe wayar aiki bayan an tashi, kasuwancin ƙasar kuma bai durƙushe ba. Mafi muhimmanci, ranar da manaja ya ce wa kwastoma a'a a kan hujja, shugabansa ya tsaya a bayansa. In aka zare masa tsani sau ɗaya a gaban kwastoma, ba zai ƙara faɗin gaskiya ba, duk wanda ke ofishin kuma ya ɗauki darasi.

Matashin da ke sha'awar aikin, ka koyi lissafin da kyau har ka iya bayyana shi ga wanda bai yi boko ba. Duk abin da aka yanke ta waya, ka bi shi da rubutaccen saƙo kafin ka taɓa komai. Labari marar daɗi kuma ka kai shi da wuri, da bakinka, kafin mai kaya ya gano da kansa.

Kai kuma mai kaya, idan yaron nan ko yarinyar nan da ke riƙe da tallanka suka zo ranar Litinin suka ce maka makon jiya bai yi kyau ba, ga dalili, ga abin da za a gwada, kada ka ɗauke aikinka ka kai wa wanda kullum zai ce maka komai lafiya. Ka riƙe su, ka saurare su, ka kuma biya su a kan lokaci.